Za a sayi kamfaninmu, an ce lauya ɗaya ya ishe mu

Mai kashi 22 ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau larura ta sa.

Mu uku ne muka kafa kamfani shekara 14 da suka wuce, muna yin kwalaye da robobin zuba kaya. Babbanmu yana da kashi 55 cikin ɗari na hannun jari, shi ne kuma shugaba. Na biyunmu yana da 23, ni ina da 22. Ni ke kula da injuna da ma'aikata, tun da aka fara ban san komai ba sai ƙarar inji da lissafin kwali nawa ya fita yau. Takardu da banki da haraji duk suna hannun babbanmu, kuma ban taɓa zarginsa da cin ko sisi ba. Ina so a fahimci wannan tun farko.

Wata biyar da suka wuce wani babban kamfani ya taya mu. Aka yi ta kai-komo, har makon jiya suka aiko da takarda mai shafi 4, wai takardar bayyana niyya. Kuɗin da suka rubuta, gaskiya ban taɓa zaton zan ji an ambace shi tare da sunana ba. Sai dai ba duka za a ba mu a hannu ba. Kashi 70 ranar da aka kammala, kashi 15 a ajiye a wani asusu har wata 18, ragowar 15 ɗin kuma sai idan ribar kamfani ta kai wani adadi cikin shekara biyu masu zuwa. Akwai layin da ya ce ba za mu saurari wani mai saye ba har kwana 90. Akwai wanda ya hana ni yin irin wannan sana'a har shekara 5. Akwai kuma wanda na karanta sau uku ban gane ba, wai mu masu sayarwa za mu ɗauki alhaki "a tare da kuma ɗai-ɗai".

Babbanmu ya ce ranar Alhamis za mu sa hannu. Da na ce zan nuna wa lauya, sai ya yi dariya ya ce ai lauyan kamfani ya riga ya duba, kuma a saman takardar ma an rubuta cewa ba ta ɗaure kowa ba. Dillalin da ya haɗa mu da masu sayen shi ma ya kira ni da daddare, ya ce yawan lauyoyi shi ke kashe ciniki, in yi hattara kada a ce ni na ja wa kowa asara.

Abu biyu ke hana ni barci. Shekara 3 da suka wuce mun ci bashin banki mun sayi inji, mu ukun muka tsaya wa kamfani da sunayenmu, ni gidana ma na jingina. Sannan na san akwai wata wasiƙa daga hukumar muhalli a kan ruwan da muke zubarwa daga sashen roba, an ba su amsa sau ɗaya, daga nan ban ƙara jin ɗuriyar maganar ba. Ko ɗaya ban ga an ambata a shafi huɗun nan ba.

To, mene ne ainihin aikin lauya a irin wannan ciniki, da har zan ɗauki nawa daban in biya daga aljihuna? Kuma idan takarda da kanta ta ce ba ta ɗaure kowa ba, ina laifin sa hannu?

Barista ta amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Shekarata 19 ina wannan aiki, yawanci a ɓangaren masu sayarwa. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ni nuni kawai zan yi maka, wanda zai raka ka sai ya riƙe takardun a hannunsa. Amma abu ɗaya zan faɗa ba kwana-kwana: kada ka sa hannu ranar Alhamis.

Lauyan kamfani, kamfani yake wa aiki. A idon doka kamfani mutum ne mai zaman kansa, daban da ku ukun. A wannan ciniki kuwa ba kamfanin ne ke sayar da wani abu ba, ku ne kuke sayar da hannun jarinku, shi kamfanin shi ne hajar. Ranar da aka kammala zai koma hannun mai saye da duk abin da ke cikin kabad ɗinsa da kwamfutocinsa. A 2013 wata kotu a jihar Delaware ta Amurka, inda manyan kamfanoni da yawa suke da rajista, ta yanke hukunci cewa hatta wasiƙun sirri da kamfanin da aka saya ya yi da lauyoyinsa a kan cinikin sun zama mallakar wanda ya saya, tun da ba a rubuta akasin haka a yarjejeniya ba. Ka ga ke nan, abin da ka faɗa wa lauyan kamfani yau yana iya zama abin da za a karanta maka a gaban alƙali gobe. Ga shi kuma wanda ke ba shi umarni kullum babbanku ne. Ba sai mutum ya zama macuci ba buƙatarsa take shan bamban da taka. Mai 55 wataƙila za a bar shi a kujerarsa da albashi mai tsoka, mai 22 kuma an ce ya naɗe hannu shekara 5. Shi kuwa dillali, la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, a kowane irin sharaɗi ya faɗa. Ba na ganin laifinsa, amma ba wurinsa ake neman shawarar a jira ba.

Maganar ba ta ɗaure kowa ba, rabinta gaskiya ne. A irin wannan takarda farashi da tsarin biya ba sa ɗaurewa, amma kusan kullum akwai layukan da aka ware aka ce su suna ɗaurewa: riƙe sirri, hana sauraren wani mai saye, wanda zai biya kuɗin aikin idan ciniki ya watse, da dokar ƙasar da za a bi idan an yi saɓani. Duba shafin ƙarshe, can ake ɓoye su. Kwana 90 ɗin nan yana cikinsu, kuma shi ne ƙarfinku. Muddin mai saye yana tsoron wani zai riga shi, yana sassauci. Da zarar kun rufe ƙofa, duk abin da kuka sallama a shafi huɗun nan ba ya dawowa. In ka zo daga baya ka ce shekara 5 ta yi yawa, amsa ɗaya za ka ji: ai ka riga ka yarda.

Kuma ko rubutun saman ba kullum yake tsare mutum ba. A farkon 1984 kamfanin mai na Pennzoil ya cimma abin da aka kira yarjejeniya a bisa manufa ta sayen wani kaso na kamfanin mai na Getty Oil, har aka sanar wa 'yan jarida, lauyoyi suna kan rubuta cikakkiyar takarda ba a sa hannu ba. Sai Texaco ya shigo da tayi mafi tsoka ya saye Getty. A 1985 masu taya alƙali yanke hukunci a jihar Teksas suka ce ciniki ya riga ya ƙullu, Texaco ya shiga cinikin wani, suka ɗora masa dala biliyan 10.53. Sai da Texaco ya nemi kariyar fatara a 1987, a ƙarshe aka sasanta a kan dala biliyan 3. Kotu ba kan takarda kaɗai take dubawa ba, tana duba abin da kuka faɗa da abin da kuka aikata.

Yanzu layin da ba ka gane ba, wanda ni shi ya fi tayar mini da hankali. A ce bayan an sayar mai saye ya gano wata ɓarna ta naira ko dala ko ma mene ne guda 100. Idan alhakinku ɗai-ɗai ne bisa kason kowa, 22 za ka biya. Idan "a tare da kuma ɗai-ɗai" ne, yana da damar ya zaɓi wanda ya fi sauƙin kamawa a cikinku ya karɓi 100 ɗin duka a wurinsa, kai kuma ka je ka bi abokanka bashi. Kai da ba ka taɓa riƙe takardar haraji ba za ka zama mai lamunin duk abin da aka rubuta a cikinta shekara 14. Abin da lauyanka zai nema shi ne kowa ya ɗauki gwargwadon kasonsa, a sa iyakar da ba za a wuce ba, wadda ko ta yi yawa kada ta zarce abin da ya shiga aljihunka, a kuma sa wa'adin da in ya wuce ba sauran ƙorafi.

Me ya sa za a bi ku bashi bayan an sayar? Domin babbar yarjejeniyar da ke tafe, mai shafi 80 ko 100, kaso mai yawa nata jerin tabbaci ne da za ku bayar: lissafinmu daidai yake, mun biya haraji, injunan namu ne, ba mai ƙararmu, ba mu karya dokar muhalli ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa mai saye yake sa ku faɗa da bakinku ku sa hannu. Duk wanda ya zama ba gaskiya ba, ko da ba ku sani ba, diyya ta hau kanku, kuma kashi 15 ɗin da aka ajiye shi za a fara taɓawa. Garkuwarku ita ce wata takarda ta biyu, takardar bayyana aibi, inda za ku bi tabbacin ɗaya bayan ɗaya ku ce haka ne, amma ban da kaza. Abin da aka bayyana yadda ya kamata ba a dawowa a ce an ɓoye. Wasiƙar hukumar muhallin nan can ne mazauninta. Mai saye zai ɓata rai, zai nemi ragi ko ya ce ku ɗauki nauyin wannan matsala ta musamman, a yi ciniki a kai. Wannan ya fi a rufa a kanta, domin wanda ya san abu ya ɓoye da gangan ya shiga babin zamba, kuma a nan iyakar diyyar da aka rubuta ba ta kare shi. Kai kuma ka sani, ga shi ka rubuta mana.

Gidanka kuwa, banki ba ya cikin cinikinku. Sayar da hannun jari ba ya warware tsayawar da ka yi. Kana iya wayar gari ba ka da ko kashi ɗaya a kamfanin, baƙi na juya shi yadda suka ga dama, gidanka na tsare da bashinsu. Dole a rubuta cewa ba za a kammala ba sai an biya bashin, ko banki ya ba da takardar sakinka a ranar. Ranar, ba alƙawarin wata mai zuwa ba.

Aikin lauya ke nan a taƙaice. Ku kun yi cinikin farashi, shi zai yi cinikin wanda asara za ta faɗa wa idan abin da ba a zata ba ya ɓullo.

Tsohon ɗan kasuwa ya amsa:

Ƙanena, Barista ta yi magana, ba zan ja da ita ba. Amma bari in faɗa maka abin da lauya ba zai faɗa ba. Na taɓa sayar da kamfanin sufuri. Lauyan da na ɗauka ya mayar wa masu saye da daftari da gyara sama da 60, har da inda aka sa waƙafi. Mako uku ana jayayya a kan wani sharaɗi da ni da mai sayen muka warware cikin minti goma da muka haɗu ido da ido. Kuma ana biyansa ne da awa, kowace wasiƙa kuɗi. Dillalin naku bai yi ƙarya ɗari bisa ɗari ba, akwai lauyan da ke kashe ciniki don a ga yana aiki.

Ka ɗauki wanda ya taɓa yin cinikin kamfani, ba wanda ya yi suna a shari'ar fili ba. Ku yanke kuɗinsa mataki-mataki tun kafin ya buɗe fayil. Ka ce masa abu uku ne ba za ka sallama ba, ka lissafa masa, saura kuma ya nuna maka haɗarin kai ka yanke. Shi mai shawara ne, kai ne mai kaya.

Sannan kafin ka taka ofishin kowa, ka je ka sami babban naku ka gaya masa da bakinka. Shekara 14 ba kwana 14 ba ce. In ya ji a bakin wani, zai ɗauka tuhumarsa kake.

Akanta ya amsa:

Malam, ni a ɗaya ɓangaren nake zama, cikin waɗanda masu saye ke turowa su yi binciken ƙwaƙwaf. Bari ka ji yadda muke kallonku, don kada abin ya zo maka a ba-zata. Da zarar kun sa hannu za a aiko muku da jerin tambayoyi ɗari biyu ko uku, a nemi kowace kwangila, kowane lasisi, takardar ɗaukar kowane babban ma'aikaci. Ba wulaƙanci ba ne. Wanda ya sayi hannun jari ya sayi kamfani da tarihinsa duka, har zunuban da aka manta. Bayer na Jamus ya kammala sayen Monsanto a watan Yuni 2018 a kan dala biliyan 63. Wata biyu bayan nan wata kotu a Kalifoniya ta ba mutum ɗaya diyyar dala miliyan 289 a kan maganin ciyawa na Monsanto mai suna Roundup, an rage daga baya, amma ƙofa ta riga ta buɗe. A 2020 Bayer ya amince ya ware har dala biliyan 10.9 don sasanta ƙararraki. HP kuma ya sayi Autonomy na Birtaniya a 2011 a kan kusan dala biliyan 11, shekara guda bayan nan ya rage dala biliyan 8.8 daga darajarsa, aka yi fiye da shekara goma ana shari'a a Landan da Amurka. Ba mai son cinikin biri a sama.

Wasiƙar muhallin nan za mu same ta, ko ku ba mu ko mu tambayi hukumar. In ku kuka kawo, maganar kuɗi ce kawai. Haka aka yi da Yahoo, da labarin satar bayanan masu amfani da shi ya fito bayan an ƙulla ciniki, Verizon da ke sayensa bai fasa ba, ya rage dala miliyan 350 a 2017 suka raba nauyin abin da zai biyo baya. In mu muka tono da kanmu, daga ranar ba ma ƙara yarda da ko lambar waya in ku kuka ba mu.

Abu biyu da Barista ba ta taɓo ba. Adadin da ya burge ka a takardar, ka tambaya ko kafin a cire bashi ne. Kusan kullum haka ne, wato bashin injin nan daga cikinsa zai fita kafin a raba. Na biyu, kashi 15 ɗin da aka rataya a kan riba. Bayan an sayar, wa ke riƙe da littafin lissafi? Su. Suna iya ɗora wa kamfanin kuɗin gudanarwa daga hedikwata, ko su mayar da babban kwastomanku wani reshe nasu, ko su kashe kuɗi a gyaran da amfaninsa sai shekara ta uku. Ba wanda ya karya doka, riba dai ba ta kai ba. Lauyanka ya nemi a rataya shi a kan kuɗin kayan da kamfanin ya sayar ba riba ba, a rubuta yadda za a yi lissafin, a ba ku damar duba littafi, a kuma ambaci akanta mai zaman kansa da zai raba gardama. Ni dai in ana shawara da ni, cewa nake mutum ya lissafa kashi 70 ɗin ya tambayi kansa ko ya yarda ya sayar a haka.

Ka kuma duba kwangilar manyan kwastomominku da ta hayar filin masana'anta. Da yawa suna da sharaɗin cewa in kamfani ya sauya hannu, ɗaya ɓangaren yana da damar janyewa.

Mai kashi 22 ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Barista, na duba shafin ƙarshe, wallahi kamar kin gani, sakin layi huɗu an ce su suna ɗaurewa. Akwai ƙarin bayani da ban kawo ba don ban ɗauke shi komai ba. Masu sayen su ma suna yin kwalaye, mukan haɗu da su a wurin neman kwangila. Sun ce wata mai zuwa za su turo mutuminsu ya zauna a masana'anta ya fara koyon aiki, duk sayayya mai yawa a riƙa nuna masa, sun kuma nemi jerin kwastomominmu da farashin da muke ba kowa. Babbanmu ya ce ai sun zama 'yan gida. To in muka ba su duk wannan, daga baya suka ce sun fasa fa?

Barista ta sake amsawa:

Malam, wannan da ka ɗauka ba komai ba, shi ya kamata ka fara kawowa. Ba su zama 'yan gida ba. Har ranar da kuɗi ya shiga aka sauya suna a rajista, ku kishiyoyi ne a kasuwa, kuma dokar gasa haka take kallonku.

Sa hannu daban, kammalawa daban, tsakaninsu akan ɗauki watanni. Idan girman kamfanonin biyu ya kai mizanin da doka ta sa, sai hukumar kula da gasa ta amince kafin a haɗe. Microsoft ya sanar da sayen Activision Blizzard a Janairu 2022 a kan dala biliyan 68.7, bai samu kammalawa ba sai Oktoba 2023, bayan hukumar Birtaniya ta fara hanawa har sai da aka sake fasalin cinikin. Naku ba zai kai haka ba, amma ƙa'idar ɗaya ce: mai saye ba ya kama linzami kafin a ba shi izini. A 2018 Hukumar Tarayyar Turai ta ci Altice tarar yuro miliyan 124.5 saboda ya fara sa baki a harkokin PT Portugal, kamfanin da yake shirin saye, yana karɓar bayanan kasuwancinsa kafin amincewa, alhali daga baya an amince da cinikin ma. Mutumin da za a zaunar muku a riƙa nuna masa sayayya irin wannan ne. Jerin farashi kuwa ba a miƙa wa abokin gasa haka nan. Ana ba wasu 'yan ƙalilan da ba su da hannu a harkar sayarwa, ko akantocinsu na waje, a rufe sunayen kwastomomi, cikakken kuma sai dab da ƙarshe.

Ko za su iya fasawa? Yanzu, da takarda mai shafi 4 kawai, ƙwarai kuwa, su tafi da duk abin da suka gani. Bayan babbar yarjejeniya, ya danganta da abin da aka rubuta. Masu saye kan sa sharaɗin cewa in wani mummunan sauyi ya sami kamfani kafin kammalawa suna iya janyewa. Kotuna ba sa sakin mai saye da sauƙi a kan wannan. A Delaware sai a 2018 aka fara samun hukuncin da ya yarda da shi, lokacin da Fresenius ya janye daga sayen kamfanin magani na Akorn, wanda ribarsa ta rushe aka kuma gano babbar matsala a bayanan gwajin magungunansa. Amma yadda aka tsara kalmomin shi ne komai. Lauyanka zai nemi a cire abin da ya shafi kowa, kamar faɗuwar kasuwa gaba ɗaya ko sauyin doka, don kada a fake da su.

Labarin Twitter kowa ya ji, amma ba kowa ya lura da inda aka ci wasan ba. A Afrilu 2022 Elon Musk ya sa hannu zai saya a kan dala 54.20 kowane hannun jari, kimanin dala biliyan 44, ba tare da ya yi binciken ƙwaƙwaf ba. A Yuli ya ce ya fasa saboda asusun bogi. Lauyoyin Twitter kuwa tun a Afrilu sun sa layin da ya ba kotu damar tilasta masa ya kammala, ba ya biya diyya kawai ya tafi ba. Suka kai ƙara Delaware, aka sa ranar shari'a a Oktoba, kafin a zauna ya sauko ya biya farashin farko, aka kammala ranar 27 ga Oktoba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Akwai kuma kuɗin fasawa. Da Adobe ya haƙura da sayen Figma a Disamba 2023 saboda hukumomin Turai da Birtaniya sun ƙi sakin hanya, ya biya Figma dala biliyan 1, domin an rubuta tun farko. Ku ma kuna iya neman in suka janye ba da laifinku ba su biya aƙalla abin da kuka kashe, kuma a hana su zawarcin ma'aikatanku da kwastomominku na wani lokaci. Wannan a takardar yanzu ake sa shi, cikin layukan da ke ɗaurewa.

Ga Alhaji tsohon ɗan kasuwa: gyara 60 har da waƙafi, na san irinsu, wani lokacin ma a gefena suke zama. Shawararka ta abu uku na karɓa.

Mai kashi 22 ya dawo bayan mako biyu:

Na ga ya kamata in dawo in ba da labari. Ban sa hannu ba. Na bi shawarar Alhaji na je na sami babbanmu a ofis ranar Laraba. Bai ji daɗi ba, kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ana nan sai na biyunmu ya same ni a sashen roba ya ce ashe shi ma gidansa na jingine, kuma ya kasa barci kamar ni, kunya ce ta hana shi magana. Muka ɗauki lauya ɗaya mu biyu, bayan ta tabbatar buƙatunmu ba su ci karo ba.

Abin da ta fara nema ba takardar masu saye ba ce, yarjejeniyar da mu ukun muka yi ranar kafa kamfani. Da ƙyar na samo tawa a cikin wata tsohuwar jaka. A shafi na 9 an rubuta cewa idan masu kashi 75 suka yarda su sayar, dole saura su bi a kan sharaɗi iri ɗaya. 55 da 23 sun kama 78. Da hannuna na sa hannu shekara 14 da suka wuce, ban taɓa karantawa ba. Da na biyunmu ya bi babbanmu ranar Alhamis ɗin nan, da ra'ayina bai da wani amfani.

Yanzu masu sayen sun yarda kwana 90 ya koma 45, alhaki kowa da kasonsa, kuma banki zai sake mu ranar kammalawa. Mutuminsu ba zai zo ba tukuna. Shekara 5 ɗin ce ake ja, mun ce 2, sun ce 4. Dillali ya daina kirana. Wasiƙar hukumar muhalli kuma babbanmu ya ce yana nemanta a cikin fayil, lauyarmu ta ce in ba a gan ta ba zuwa Litinin za mu rubuta wa hukumar mu nemi kwafi. Ranar Talata za a sake zama.